Yadda za ka ƙara wa katin girafik na laftof gudu, da gyaran direban da ya ƙi hawa

Mafi yawan laftof ɗin gem da ke hannun matasa a Kaduna tokumbo ne. Sun sha aiki a Ingila ko Amurka, sun biyo ta Legas, sun sauka a shagunan da ke kan Ahmadu Bello Way ko kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, an ɗora musu sabuwar Windows a gurguje an miƙa wa mai saye. Yana zuwa gida ya kunna EA Sports FC ko GTA V, sai ya ga hoto yana ƙamewa yana saki. Daga nan abokai su ce masa ai obakulok zai yi, wato ya sa katin girafik, sashen da ke zana hoton da ke fitowa a allo, ya yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi.

Ana yi, kuma zan nuna yadda ake yi dalla-dalla. Sai dai jerin aikin shi ne direba tukuna, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin, sannan zafi da caja, ƙarin gudu a ƙarshe. A laftof, ribar da ke cikin na farko da na biyu ta ninka ta ukun. Lissafin mai sauƙi ne: katin da yake gudu a 1,700 MHz, in ka samu ka kai shi 1,850, ƙarin bai cika kashi 9 cikin 100 ba. Gem ɗin da yake ba ka firam 50, wato hotuna 50 a daƙiƙa, zai koma 54, in an yi sa'a. Amma laftof ɗin da direbansa bai zauna daidai ba, ko fankarsa ta toshe da ƙurar hunturu, yana iya rasa rabin ƙarfinsa mai shi bai sani ba.

Fara da sanin katin da ke ciki

Kada ka dogara da sitikar da ke manne kusa da madannai, ko da abin da mai shago ya faɗa. Danna maɓallin Start da hannun dama na linzami, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. A laftof ɗin gem abu biyu ya kamata ka gani: ƙaramin kati na cikin firosesa, na Intel ko AMD, da kuma babban kati, yawanci NVIDIA GeForce. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, ko wani 3D Video Controller mai alamar ruwan ɗorawa a ƙarƙashin Other devices, to babu direba ke nan, Windows tana lallaɓawa ne kawai.

Ko da babu suna, kana iya gano ko na wane kamfani ne. Shiga Properties na abin, ka je Details, ka zaɓi Hardware Ids. VEN_10DE na NVIDIA ne, VEN_1002 na AMD, VEN_8086 na Intel. Lambar da ke bayan DEV ita ce takamaiman samfurin katin.

Akwai wani abu kuma da suna ba ya faɗa, shi ne yawan wutar da kamfanin laftof ya yarje wa katin ya sha. RTX 3060 na laftof akwai mai wat 60, akwai mai 115 wanda yake taɓa 130 in firosesa ta sakar masa. RTX 4060 na laftof yana kamawa tun daga wat 35 har 115. Suna ɗaya, ƙarfi daban. Da zarar direba ya hau, buɗe NVIDIA Control Panel, ka danna System Information, ka nemi layin Maximum Graphics Power. Wannan lambar ita ce rufin ɗakinka, kuma babu manhajar da za ta ɗaga ta.

Wanke tsohon direba, a saka sabo

Kafin ka taɓa komai, tara kayan aikinka a folda guda. Na farko direban babban katin daga shafin NVIDIA ko AMD kai tsaye. A shafin NVIDIA ka lura ka zaɓi jerin da aka rubuta Notebooks a ƙarshensa. Na biyu direban ƙaramin katin, wanda ya fi kyau ka ɗauko daga shafin kamfanin laftof ɗinka, HP ne ko Dell ko Lenovo ko Asus, ta hanyar rubuta lambar samfurin da ke ƙasan laftof. Na uku wata ƙaramar manhaja mai suna Display Driver Uninstaller, wadda kowa ya sani da DDU, daga shafin Wagnardsoft.

Direban NVIDIA na yanzu ya haura megabait 600, wani ma yana neman gigabait guda, don haka a dakata sai dare in kana da datar dare, ko a je inda ake da waifai mai ƙarfi. In ka gama saukewa, danna fayil ɗin da hannun dama, Properties, ka duba Digital Signatures ka ga sunan kamfanin na nan kuma sa hannun lafiya lau. Netwok ɗinmu yana yankewa ana tsaka da saukewa, fayil ya zo da rauni a ciki, mutum ya yi ta zargin laftof alhali laifin fayil ne.

Direbobin da ake yawo da su a filash daga shago zuwa shago, da manhajojin nan masu cewa za su nemo maka dukkan direbobi a dannawa ɗaya, ni dai ban ba da shawararsu ba. Sau da yawa tsohon direba suke ɗorawa, ko wanda ba na samfurinka ba, wani lokaci har da tarkacen talla.

Abu ɗaya kafin Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da 'yan abubuwan da suka zama dole kaɗai, inda za a yi wankin. In laftof ɗin yana da BitLocker ko Device encryption a kunne, wato tsarin kulle diski na Windows, yana iya neman mabuɗin ceto mai lamba 48 yayin shiga. Duba asusunka na Microsoft ka kwafi mabuɗin a takarda. Ka kuma tabbata kana tune da ainihin kalmar sirrinka, ba PIN kaɗai ba.

Yanzu aikin kansa. Kashe waifai, cire wayar intanet in akwai, kashe hotsifot ɗin wayarka. Wannan matakin shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake ɓata aikin, domin da zarar ka cire direba, Windows Update tana jin intanet za ta janyo nata ta ɗora a ɓoye, ya yi karo da wanda kake sakawa.

Riƙe Shift ka danna Restart. A shuɗin allon da zai fito ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. In ta shiga Safe Mode, buɗe DDU. A cikin Options ɗinsa akwai zaɓin hana Windows Update sauko da direba, ka sa masa alama. A hannun dama ka zaɓi GPU, ka zaɓi NVIDIA ko AMD, ka danna Clean and restart. In matsalar ta daɗe, ko ba ka san abin da aka taɓa ɗorawa a baya ba, sake shiga Safe Mode ka wanke na ƙaramin katin shi ma.

Windows za ta dawo da manyan rubutu da hoto mara kyan gani. Haka ya kamata. Saka direban ƙaramin katin tukuna, ka sake kunnawa. Dalilin wannan jeri shi ne a yawancin laftof allon yana jone ne da ƙaramin katin, babban yana aikinsa ne ya miƙa masa hoton ya fitar. Tsarin da NVIDIA ke kira Optimus ke nan. In ƙaramin bai zauna ba, sai ka ga hasken allo ya ƙi raguwa, ko babban katin ya ƙi tashi.

Daga nan ka buɗe fayil ɗin NVIDIA da Run as administrator, ka zaɓi Custom, ka sa alama a Perform a clean installation. Direba da PhysX da na sautin HDMI sun isa. NVIDIA App, wadda ta gaji GeForce Experience a ƙarshen 2024, ba dole ba ce. Allon zai yi baƙi ya dawo sau ɗaya ko biyu ana cikin sakawa, kada ka taɓa. In ta gama ka sake kunnawa, sannan ka mayar da intanet. A tabbata batir ya cika kafin a fara wannan aiki, musamman in batirin ya gaji, domin ɗauke wuta ana tsaka da saka direba yana jawo sai an sake komai daga farko.

In ya ƙi hawa

Saƙon da ya fito shi yake nuna inda za a dosa, don haka a karanta shi kafin a rufe.

In ya ce bai samu compatible graphics hardware ba, abu na farko da za ka duba ba direba ba ne. Buɗe manhajar kamfanin laftof ɗin. A Asus, Armoury Crate tana da Eco Mode da yake kashe babban katin ɗungurungum har ya ɓace daga Device Manager. Lenovo Legion ma tana da zaɓin amfani da ƙaramin kati kaɗai a cikin Vantage. Wani laftof ɗin a haka tsohon mai shi ya bar shi, aka yi masa sabuwar Windows ba a saka manhajar kamfanin ba, katin ya ci gaba da barci. Saka manhajar, jona caja, mayar da shi Standard ko Hybrid, sake kunnawa. Ka leƙa BIOS kuma, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka ga ko an saita shi a kan UMA ko Integrated kaɗai, ma'ana ƙaramin kati zalla.

In katin yana nan amma saƙon bai sauya ba, wataƙila direban ya yi wa katin sabunta. Katunan laftof na zamanin Kepler, irin su GTX 780M da 880M, NVIDIA ta daina yi musu sabon direba tun 2019. Jerin GTX 900M da GTX 10, irin su 1050 Ti da 1060 da har yanzu suke da yawa a hannun mutane, sun tsaya a reshen direba mai lamba 580. Ga irin waɗannan, a shafin NVIDIA za ka zaɓi ainihin samfurinka ya ba ka na ƙarshen da ya dace, ba ka ɗauki wanda abokinka mai RTX ya sauke ba.

In ya ce direban bai dace da this version of Windows ba, to Windows ɗin ce ta tsufa. Danna Windows da R, rubuta winver. Masu gyara da yawa suna da tsohuwar Windows 10 a filash da suke ta ɗorawa shekara da shekaru, wasu ma irin wadda aka yanke wa sassa don ta yi sauƙi. Sabon direba ba ya hawa kan irin wannan. Maganinta a sabunta ta zuwa 22H2, ko a koma Windows 11 in laftof ɗin ya cancanta, tunda Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025.

In ka ga 7-Zip Data error ko CRC error tun wajen kwance fayil, sake saukewa. In ya fara ya tsaya da NVIDIA Installer failed, duba ko diski C yana da sarari na aƙalla 'yan gigabait, dakatar da manhajar kariya daga bairos in ba ta Windows ba ce, ka kuma bar Windows Update ta gama abin da take yi, domin masu saka abu biyu ba sa aiki lokaci ɗaya.

Sai Code 43, wanda shi ne mai tayar da hankali. Ma'anarsa Windows ta dakatar da katin saboda ya kai ƙarar kansa. Wani lokaci direba ne, kuma DDU yana warkar da shi. Gwada direban da ke shafin kamfanin laftof ɗinka ko da tsoho ne. Gwada kashe laftof gaba ɗaya, cire caja, riƙe maɓallin kunnawa kamar rabin minti zuwa minti guda. In duk an yi waɗannan, har da sabuwar Windows mai tsabta, Code 43 yana nan daram, ko kuma allo yana baƙi da zarar direba ya hau amma lafiya lau in babu shi, to katin ne ko ma'adanarsa suka samu rauni a jikin bod, wato babban faifan cikin laftof da komai ke manne a kai. In kwanan nan ka saya, mayar wa mai shago kafin 'yan kwanakin gwajin da ya ba ka su cika. In mai gyara ya ce zai gasa katin da bulowar zafi ya dawo, yana iya dawowa, amma galibi na ɗan lokaci ne, kuma bai kamata ka biya kuɗin cikakken gyara a kan wannan ba.

Bayan komai ya zauna, shiga Settings, System, Display, Graphics, ka saka gem ɗinka a High performance. In laftof ɗin yana da MUX, wato zaɓin da yake jona allo kai tsaye da babban kati, kunna shi in za ka yi gem. A gem da yawa ƙarin da yake bayarwa ya kai na obakulok, ko ya fi, kuma ba ya da haɗari sai shan batir.

Zafi da caja

Kamfanonin nan suna gwada laftof ɗinsu a ɗaki mai sanyi. Ɗaki mai rufin kwano a Tudun Wada ko Rigasa da azahar ɗin watan Afrilu wata duniya ce daban. Fanka ba ta iya sanyaya kati ƙasa da iskar da take zuƙa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, katin ma ya ƙara shi. Yawancin katunan NVIDIA na laftof suna fara rage gudu da kansu a wajen digiri 87. In kana taɓa wannan lambar tun kafin ka ƙara komai, ƙarin gudu aikin banza ne, katin zai karɓa da hannun dama ya mayar da hagu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ta taru tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, har ta zama kamar auduga. Busawa daga waje ba ta cika fitar da ita ba. A buɗe murfin ƙasa, a cire jonin batir tukuna, a kwance fanka a share da burushi mai laushi. In za a yi amfani da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Laftof ɗin da ya shekara uku ko huɗu yana bukatar sabon man da ake shafawa tsakanin kan katin da jan ƙarfen sanyaya. A nemi mai kyau, ba farin nan na cikin sirinji mai arha ba, wanda yake bushewa cikin 'yan watanni. PTM7950 na Honeywell yana daɗewa a laftof in an samu na gaske. Katifun roba masu laushi da ke kan ma'adanar katin kuwa, a mayar da su yadda suke, ko a sa masu kauri daidai da su. In an sa masu kauri fiye da kima, ƙarfen ba zai zauna a kan katin ba, zafi ya fi na da. Wasu laftof na Asus ROG suna da ruwan ƙarfe a kan firosesa, wanda in ya ɗiga a bod yana ƙona shi. Irin wannan sai mai gyaran da ya taɓa yi.

Kada a yi gem a kan katifa ko darduma ko cinya. Ɗaga bayan laftof ɗin da ɗan abu mai tsawon yatsa biyu yana rage zafi sosai, kuma kyauta ne.

Caja ita ce matsalar da aka fi rainawa. Laftof ɗin gem yana zuwa da caja mai wat 150, 180, 230 ko sama, amma tokumbo sau da yawa ana haɗa shi da duk wadda bakinta ya shiga. Duba ƙasan laftof ko shafin kamfani ka ga abin da yake nema, ka kwatanta da rubutun jikin cajarka. Dell da HP suna gane cajarsu ta siririyar allurar da ke tsakiyar baki, in ba su gane ta ba sai su daƙile gudu. In ka ga batir yana raguwa da sauri kana gem alhali caja na jone, ko firam suna faɗuwa suna dawowa, cajar ta yi ƙaranci ko jabu ce. Cajin USB-C na wat 65 ko 100 na karatu ne, ba na gem ba. Haka in kana kan ƙaramin janareto da yake hawa yana sauka, laftof zai riƙa komawa kan batir na daƙiƙa ɗaya ko biyu, katin ya rage gudu. Kada a yi gwajin obakulok a kan irin wannan wuta, sakamakon zai ruɗe ka. Cire caja kuma kafin a juya daga janareto zuwa wutar gari.

Auna kafin ka ƙara

Kana bukatar MSI Afterburner tare da RivaTuner Statistics Server da yake zuwa da ita, sai GPU-Z ko HWiNFO64, da manhajar gwaji. Afterburner daga shafin MSI ko Guru3D kaɗai, domin an sha kama shafukan bogi masu kama da na MSI da ke rarraba ta da ɓarayin manhajoji a ciki. Afterburner tana aiki a kowane laftof mai NVIDIA, ba sai na MSI ba. Wajen gwaji, Unigine Heaven tsohuwa ce amma ba ta kai megabait 300 ba, tana kuma maimaita kanta ba tsayawa. Superposition da 3DMark Time Spy sun fi nauyi, sun fi kuma cin data.

Jona caja, saka laftof a yanayinsa na ƙarfi. A Lenovo Legion Fn da Q ne, a Asus yawanci Fn da F5, a Acer cikin NitroSense ko PredatorSense, a HP cikin Omen Gaming Hub. Lura cewa Turbo na wasu kamfanoni yana ƙara nasa gudun a ɓoye. Zaɓi manhaja ɗaya da za ta riƙe wannan aiki, kada biyu su yi ta ja-in-ja.

Kunna gwajin na minti 15 zuwa 20, ka rubuta maki, zafi mafi yawa, da gudun da katin ya tsaya a kai bayan ya yi zafi, ba na mintin farko ba. A GPU-Z, shafin Sensors, duba layin PerfCap Reason. Pwr yana nufin iyakar wuta ce ta tsayar da shi, wanda shi ne al'ada a laftof. Thrm yana nufin zafi ne, a koma sharar fanka. Kunna gem ɗinka kuma ka duba GPU usage. In yana zaune a 95 zuwa 99 cikin 100, katin ne yake riƙe gudu, obakulok zai ɗan taimaka. In yana yawo a 60 ko 70, firosesa ce ko RAM. Laftof da yawa suna zuwa da sandar RAM ɗaya tak ta gigabait 8, kuma ƙara ta biyu irinta yana gyara ƙamewar hoto fiye da duk abin da Afterburner za ta yi.

Ƙarin gudun kansa

Da ka buɗe Afterburner za ka ga Power Limit da Core Voltage, sau da yawa har da Fan Speed, a kulle. Ba lalacewa ba ce, haka laftof yake. Core Clock, wato gudun tsakiyar katin, da Memory Clock, gudun ma'adanarsa, su ne naka. Masu katin AMD Radeon na laftof galibi har waɗannan ma a rufe suke, sai abin da manhajar kamfani ta bayar.

Tabbatar alamar Windows da ke sama, mai sa saitin ya hau da zarar an kunna kwamfuta, a kashe take. Fara da Core Clock. Rubuta +45, danna alamar amincewa, bar Heaven ta yi minti goma. In lafiya, ƙara 15 ko 30, domin katunan NVIDIA na zamani a matakan kusan 15 MHz suke hawa. Ci gaba a haka har ka ga alamar gajiya: gwajin ya rufe kansa, allo ya yi baƙi ya dawo, ko wasu ɗige-ɗige da walƙiya masu launi su bayyana. Daga inda ya gaza ka koma baya da 30. Yawanci ana tsayawa tsakanin +100 da +200, kuma laftof biyu samfuri ɗaya suna iya bambanta, don haka lambar da wani ya nuna a YouTube tasa ce.

In allo ya ƙame, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, yana sake tayar da direba. In ka duba Event Viewer ka ga nvlddmkm stopped responding, ko ka samu shuɗin allo mai VIDEO_TDR_FAILURE, katin ne ya kasa amsa wa Windows cikin daƙiƙa 2 da take ba shi. Rage gudu. Masu cewa a shiga Registry a tsawaita wannan lokaci ɓoye ciwon kawai suke yi.

Sannan Memory Clock, bayan ka tsayar da na farko. Fara da +200, ka riƙa ƙara 100. Nan sai an lura da maki, domin ma'adanar GDDR6 tana gano kuskure ta sake aika bayanin, don haka kana iya wuce iyaka ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba, maki dai ya daina hawa ko ya fara sauka. Inda maki ya daina ƙaruwa, koma baya da 100. Ma'adana ma tana cin wuta daga kason katin, shi ya sa a katin mai ƙaramin wat ƙari mai yawa a nan yana iya rage gudun tsakiya. In HWiNFO tana nuna Memory Junction a katinka, kada ka bar shi yana zama sama da digiri 95.

Gwaji na gaskiya shi ne gem ɗin da kake bugawa, awa ɗaya ko biyu. Akwai saitin da zai wuce Heaven lafiya ya faɗi a Call of Duty. In ya faɗi, rage 15, sake gwadawa.

Rage wuta, wanda ya fi dacewa da garinmu

Tunda wat a kulle yake kuma zafi ne abokin gabarmu, abin da na fi so shi ne a sa katin ya yi gudunsa da ƙaramin boltej. A Afterburner danna Ctrl da F, wani zane zai fito mai ɗige-ɗige: boltej a kwance, gudu a tsaye. Yayin gem, duba boltej ɗin da katin yake zama a kai. A ce kana ganin yana yawo tsakanin 800 da 900 mV.

Bar ƙarin da ka riga ka samu a Core Clock yana nan yadda yake, misali +135. Zaɓi ɗigon 825 mV. Riƙe Shift, ka ja linzami daga dama da wannan ɗigo kaɗan har ƙarshen zanen, wurin zai yi launi. Kama ɗaya daga ɗigogin da ke ciki ka janyo su ƙasa sosai, ƙasa da na 825, sannan ka danna amincewa. Layin zai miƙe a kwance daga 825 zuwa ƙarshe. Ma'anarsa katin ba zai ƙara neman boltej sama da nan ba. Gwada. In maki bai ragu ba kuma zafi ya sauka da digiri kaɗan, ka yi nasara, kana iya gwada 800. In maki ya faɗi da yawa, matsa zuwa 850. Abin da za ka fi ji a hannu shi ne firam sun daina hawa da sauka, fanka kuma ta rage ihu.

Haɗa wannan da ƙayyade firam a RivaTuner. In allonka 60 Hz ne, babu amfanin katin ya yi ta zuba firam 140 a gem ɗin ƙwallo yana dafa kansa.

In ka gamsu, danna alamar adanawa ka ajiye a lamba 1. Yi wani saitin mai sauƙi, boltej ƙasa kuma babu ƙari a ma'adana, ka ajiye a lamba 2 domin Maris zuwa Mayu. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Disamba ba lallai ya jure bazara ba, sai an sake gwadawa. Kada ka kunna hawa da kansa yayin buɗe Windows sai ka yi mako guda ba faɗuwa. In ka kunna kuma ta fara ƙamewa tun a buɗewa, shiga Safe Mode, inda Afterburner ba ta tashi, ka cire ta.

Abu biyu ne zan ce a bari sam: ɗora wa katin vBIOS, wato tushen saitin da ke cikin katin, na wani laftof mai wat mafi yawa, da sauya ƙananan resisto na kan bod don a ruɗi ma'aunin wuta. Sassan da ke ba katin wuta an yi su ne daidai da wat ɗin asali, tokumbo ba shi da garanti, kuma katin laftof a like yake da bod, in ya ƙone sai dai a nemi wani bod ɗin gaba ɗaya. Duk lokacin da ka sabunta direba, danna Reset a Afterburner tukuna, ka saka direban, sannan ka mayar da saitinka ka sake gwajin minti 20. In direban da kake kai yana aiki lafiya kuma babu sabon gem da ya nemi wani, bar shi, ka ajiye kwafin fayil ɗinsa da na DDU a filash.